Wa Ya Kashe Kifayen Malam Abdulmalik?

"Ni na ce zan soya su, ban musa ba!" in ji Tabita, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ludayin kunu. "Soyawa na ce, Baba. Ka ga an soya? Ka ji ƙamshin mai?"

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku!" Malam Abdulmalik ya juya wajen mutanen da suka cika masa tsakar gida. Ko hular tafiya bai cire ba. "Da bakinta ta amsa!"

"Ban amsa komai ba. Yaya zan shiga ɗakin da makullinsa ke rataye a wuyanka kamar laya?"

Abin da ya faru shi ne, Malam ya je gaisuwar mutuwa Tungan Magajiya, ruwa ya tsare shi ya kwana. Da hantsi ya dawo, bai ko leƙa matarsa Hajiya Bashira ba, ya zarce ɗakin kifi ya buɗe kwaɗo. Ihun da ya yi, har mai shayin bakin titi ya baro tukunyarsa.

Kada ku ɗauka irin kifin da ake ci ne. Tun da Malam ya aje aikin koyarwa ya kama kiwon wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye masu launi a cikin akwatunan gilashi. Ba a ci, ba a sayarwa, zama kawai ake yi a zuba musu ido. Akwai waɗanda yake kira gofi, masu haihuwa kamar ɓeraye. Akwai kuma wasu biyu masu faɗi kamar ganye, mace da namiji, ya ce sunansu enjel, shi kuma ya raɗa musu Ango da Amarya. Ya daɗe yana lallaɓa su, yana auna musu ɗumin ruwa kamar masu jego, sai a makon nan Amarya ta jera ƙwai a jikin wani guntun tayil. Har goro Malam ya raba a masallaci. Yau ga su nan gaba ɗaya, ciki a sama.

Mutanen unguwa kuwa kowa da abin da ya kawo. Wata ta ce kambun baka ne, don yawan nuna su da yake yi. Wani ya ce aikin aljanun ruwa ne, sun zo karɓar 'ya'yansu. Amma yawancin idanu a kan Tabita suke, 'yar hayar ɗakin baya, mutuniyar Dukku mai sayar da kunun zaƙi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Kowa ya san rigimarta da Malam. A lungun da ke bayan ɗakin kifi yake jera robobin ruwa, sauro ya zo ya yi ƙwai, shi kuma ya tace 'ya'yan sauron ya ba kifi, wai babu abincin da ke sa su haihuwa kamarsa. Tagar Tabita kuwa cikin lungun take kallo.

Malam ya ɗaga yatsa sama. Mai unguwa ya kama masa hannu yana cewa, "Malam, kada ka rantse, bari a bincika," amma ina.

"Wallahi tallahi, duk wanda ya yi min wannan ba zai sake kwana a gidan nan ba!"

Tabita ta waiga ɗakinta, inda 'yarta Christiana ke kwance da tsohon ciki da zazzaɓi. A daminar nan, ɗakin haya a Kontagora sai wanda ya gani, tun da mutanen ƙauyuka suka gudo suka cika gari.

Mai unguwa ya share zufa ya ce, "A kira min Baffa Yero."

Ba a yi nisan kira ba, yana tsaye a bakin zaure yana kallo tun ɗazu.

Yero mai bin sawu ne. A zamaninsa, in an kore shanu a wajen Kasuwan Garba, shi ake ɗauko wa, ya bi su ta kan fako da duwatsu har ya nuna garken da aka cusa su. Yanzu ɓarayin daji ba sa ɓoye sawu, su ne ma ke bugo maka waya. Bayan sun kwashe nasa shanun ya shigo gari da sandarsa da butarsa, Malam ya ba shi shagon zaure. Safe da yamma kwanon Hajiya Bashira ba ya fashi, kuma ba ta taɓa aiko masa da ƙanzo ba.

"Ni sawun sa na sani," in ji Yero. "Kifi yana da ƙafa ne?"

"Wanda ya kashe shi yana da ita," in ji mai unguwa.

Yero ya sa kowa ya ja baya. Ya juya kwaɗon a tafin hannunsa, babu ƙwarzane. Ya shiga ɗakin. Akwatunan gilashi a jere a kan katakai, ruwa garau, kumfa na ta tashi ɓul-ɓul daga wasu siraran tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti. Ya duba tagar da ke kallon titi. Wayar raga ce, kuma gizo-gizo ya yi saƙa daga kusurwa zuwa kusurwa, ba a tsinka ko zare ɗaya ba. Ya tsuguna ya karkata kai yana kallon siminti ta gefen haske. Sawun takalmin Malam ne kaɗai, na shiga da na tsalle-tsalle.

A kan wani kanta can gefe akwai kwalabe a jere, kowace da kifi ɗaya, ja ko shuɗi, da jela kamar gyalen amare. Waɗannan lafiyarsu ƙalau, suna ta hararar juna ta cikin gilashi.

"Waɗannan fa?" in ji Yero.

"Masu faɗa ne. In ka haɗa biyu sai ɗaya ya mutu, shi ya sa kowa da kwalbarsa." Malam ya ɗauki ɗaya ya rungume. "Ta bar min su ne don ta ƙona min rai. Ta san ba su ne a zuciyata ba."

"Wa ke da makulli bayan kai?"

"Babu."

"Hajiya?"

"Me Hajiya ta sani a kifi ban da barkono da gishiri?"

Yero ya fita ya zagaya ta titi. A gindin tagar ƙasa na da laima, ga sawun tayar babur mai faci a gefe ɗaya, ga kuma sawun takalmi mai tsini. Mai takalmin ya yi ɗage a kan yatsunsa, ya daɗe a tsaye, har yatsun sun nutse. Yero ya ji daɗi. Rabonsa da sawu mai kyau irin wannan tun yana daji.

Bai ma sha wahalar bi ba. Babur mai facin nan duk unguwa an san shi. Na Abel ne, mai ɗan shago kusa da tasha, inda yake sayar da tsuntsaye da kifin ado da abincinsu. Shi ya fara sa Malam a wannan hanya, kuma an ji shi ba sau ɗaya ba yana roƙon a ba shi Ango da Amarya su yi mako a wajensa.

Yero ya same shi yana wanke gilashi.

"Sannu, Baffa. Ka zo sayen aku ne, ya riƙa taya ka hira?"

"Na zo ganin takalminka." Yero ya sa sanda ya ɗaga silifas ɗin da ke ƙafarsa, ya leƙa ƙarƙashin benci, ga mai tsinin nan da busasshen taɓo. "Jiya ka tsaya a tagar Malam. Ka yi ɗage. Me ka watsa ta cikin raga?"

Abel ya saki soson da ke hannunsa. "Me ya faru?"

"Sun mutu."

"Su wa?"

"Duka. Har ango, har amarya."

Abel ya zauna daɓas a kan bokiti. Yero ya ga ɓarayi da yawa suna kukan ƙarya, ya san yadda suke satar kallonka ta tsakanin yatsu. Wannan bai kalle shi ba ma. Sai faɗi yake, "Ƙwan fa? Gobe fa za su ƙyanƙyashe. Kai, Yesu. Ya yi min alkawarin 'ya'ya."

"To me ya kai ka tagar?"

"Abinci na kai masa bayan la'asar, na tarar da kwaɗo. Na leƙa in ga ƙwan. Lafiyarsu lau, uwar tana yi musu fifita da fiffikenta. Baffa, wanda ke jiran 'ya'ya zai kashe uwa?"

Yero ya sosa gemu. Daɗin da ya ji a gindin taga ya gudu. Don kada ya tashi haka nan da kunya, ya nuna wani ɗan akwatin roba da ke gurnani a kan kanta, tiyo na fita daga jikinsa zuwa cikin ruwa.

"Wannan mai kukan fa?"

"Injin iska. Shi ne hancinsu. Yana zuƙar iskar waje yana tura musu cikin ruwa. Duk abin da ya shaƙa, su ma sun shaƙa. Bara mai askin nan na gefe ya fesa maganin kyankyaso a jikin bangona, kafin in dawo daga coci rabin kifina sun tafi."

Yero ya daina sosa gemu. "Masu faɗan nan na cikin kwalba, su ma ana ba su iska?"

"A'a, su ba ruwansu da inji. Tasowa suke yi su kurɓi iska da kansu. Don me?"

"Malam ina ya aje nasa injin? Ban ji gurnani a ɗakin ba."

"Ai ƙarar ce ta dame shi, wai tana firgita Amarya. Ni na taya shi huda bango muka fitar da shi baya, muka yi masa ɗan akwatin katako."

"Ka zo gidan bayan la'asar," in ji Yero. "Ka sa takalmin da kake so."

Da ya koma, azahar ta yi, kwanonsa na jiransa. Maimakon ya ci a zaure, ya yi sallama ya zauna a bakin madafa, abin da tsufa ya ba shi dama. Hajiya Bashira na yanka kuɓewa. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana, irin waɗanda in sun yi shiru gida ke ɗaukar zafi.

"Hajiya, jiya kin ji wani motsi wajen ɗakin kifi?"

"Baffa, ni da ɗakin nan ko gaisuwa ba ma yi. Wallahi tun da aka sa masa kwaɗo ƙafata ba ta taɓa taka cikinsa ba. Ɗakin da ko shara ba a yarda in yi, wai ƙura za ta dami Amarya." Ta ja tsaki. "Ni da aka kawo ni gidan nan ba a auna min ɗumin ruwa ba."

"Kina ganin Tabita ce?"

"Tabita baki ne da ita, ba ta da mugunta. Na gaya masa, ya ce in yi shiru ban san komai ba."

Akuyar maƙwabta ta sako kai cikin kwandon kuɓewa. Hajiya ba ta ko ɗago ba, ta zari guntun itace da hagu ta wurga, ya same ta tsakiyar goshi. Ta miƙo wa Yero ƙarin miya da dama, tana cewa ya ci, ya rame.

Daga nan ya je ƙofar Tabita. Ta riga ta fara ɗaure tukwane a zani. Christiana na kwance a tabarma, ciki ya yi gaba, leɓe a bushe.

"Ina za ku?" in ji Yero.

"Ban sani ba, Baffa. Dukku babu hanya, mijinta yana Legas. Wataƙila fasto ya bar mu a barandar coci." Ta ɗaure bakin zanin da ƙarfi. "Sau biyu yarinyar nan tana kwanciya asibiti da cikin nan. Na roƙi Malam, na yi kuka, na yi zagi, ya ce kifinsa na bukatar sauro. Mutum ya yi kiwon sauro! A garinmu ko mahaukaci bai yi wannan."

"Kina da fiya-fiya, maganin sauro?"

"Wa ba shi da ita? Ga kwalbar can. Amma a ɗakina nake yayyafawa. Lungun nan ya ce in na taka shi zai kira min 'yan sanda."

Christiana ta buɗe ido ta ce, "Abin dariya, Baffa, jiya ne kaɗai muka yi barci. Ko sauro ɗaya bai yi kuka ba."

Yero ya dube ta, ya dubi tagar, ya tashi.

Bai shiga lungun kai tsaye ba. Ya koma ɗakin kifi, ya kama siririn tiyo ɗaya daga cikin ruwa, ya bi shi da yatsa kamar yadda yake bin sawun maraƙi. Tiyon ya haɗu da 'yan uwansa, suka zama ɗaya, ɗayan ya shige rami a bango. Sai ya zagaya.

Lungun matsattse ne, tsakanin bango da katanga, rufin kwano ya ɗan rufe shi, shi ya sa ruwan jiya bai taɓa ƙasar ba. Tun daga baki hancinsa ya gaya masa. Robobin na nan a jere, amma babu abin da ke motsi a ciki, 'ya'yan sauron sun kwanta a ƙasa kamar dusa. A gindin bango ga matattun sauro, ga kyankyasai a rigingine, ga tsaka ɗaya ta sandare. A jikin bangon kuwa ɗige-ɗige ne a jere, irin na wanda ya tsoma tsintsiya a magani ya yarfa. Inda ɗigon ya fi yawa shi ne kan wani ɗan akwatin katako da ke maƙale a bango, don cikin duhunsa sauro ke kwana. A ciki injin ke ta gurnani, bai san ya yi komai ba.

Sawu kuwa babu. An share ƙasar tas, mai sharar ya fita da baya-baya.

Yero ya tsuguna. Wanda bai sani ba yana ɗauka shara na goge sawu. Ita ma sawu ce. Kowane jan tsintsiya yana barin zane kamar baka a kan rairayi, wajen da ya faro siriri, wajen da ya ƙare da ɗan tudun ƙasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙarshen sandarsa. Dukkansu daga hagu suka faro, suka zube ƙasarsu a dama.

Ya daɗe a tsugune. Ya tuna tuwon da ya ci da ƙarin miyar. Mutumin da ke kwana a zaure, yana buɗe ƙofa da sassafe yana kallon tsakar gida, ya san sharar kowa kamar yadda ya san tarin kowa.

Bayan la'asar aka hallara. Mai unguwa a kan kujera, Malam a tsaye rungume da kwalbar jan kifinsa, Abel a jingine da babur, Tabita a bakin ƙofarta kusa da ƙullin kayanta. Hajiya Bashira na bakin madafa tana tsince shinkafa. Matan maƙwabta kuwa, waɗanda ba wanda ya gayyata, sun cika bakin zaure har kan katanga.

Yero ya ce, "Babu wanda ya shiga ɗakin."

"To aljanu ne?" in ji Malam.

"Ta hanci aka shiga." Ya kai su bakin lungu, ya nuna musu bangon da akwatin da matattun ƙwari. Abel ya yi bayanin inji, ya dafe kai yana cewa shi da hannunsa ya kafa shi a nan. Malam ya dubi kwalbar da ke hannunsa, wadda ba ta da tiyo.

Da aka dawo tsakar gida Yero ya ce, "Mai unguwa, ga abin da na gani. Wanda ya yi wannan sauro ya nufa, bai nufi kifi ba. Har ya ji ihun Malam bai san hannunsa ne ba. Ni a ganina a bar maganar a nan. Malam ya ciyar da miskinai saboda rantsuwarsa, kowa ya kwana inda ya saba."

Mai unguwa ya ce wannan magana ce ta manya. Har ya fara neman takalminsa.

"A bar ta?" Malam ya daka tsawa, ruwan kwalbar ya fantsalo masa a riga. "Tagar wa ke lungun? Wa ke zagina a kan sauro safe da yamma? Wa ke da kwalbar fiya-fiya? Da gangan ko ba da gangan ba, na rantse, kuma ba zan yi kaffara saboda mai kunu ba. Ki kwashe kayanki kafin magariba!"

Tabita ta sunkuya ta ɗora ƙullin a ka, ko zagi ɗaya babu. Wannan ne ya fi ba mutane tsoro, don ba a taɓa ganin bakinta a rufe ba. Ta leƙa ɗaki ta ce, "Christiana, tashi a hankali. Riƙe bango."

Yero ya dubi bakin madafa. Hannun Hajiya ya tsaya cak a cikin shinkafa, idonta a kan lungun. Ya jira ta. Ba ta motsa ba, kamar wadda ke lissafin abin da ta ji bai gama shiga ba. Christiana ta fito tana dafa bango, ƙafafunta a kumbure.

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi ban kwana da miyar kuɓewa a ransa, ya ɗauko tsintsiyar da ke jingine da randa.

"Tabita, sauke kayan. Share min nan."

"Baffa, ana korata kana sa ni shara?"

"Share dai."

Ta fizga ta ja sau uku cikin fushi. Yero ya kira mai unguwa ya nuna masa da sanda. Bakan ya faro daga dama, ƙasar ta taru a hagu. Ya kai shi lungu ya nuna masa na can. Mai unguwa ya dawo yana gyaɗa kai.

"Ba hannu ɗaya ba ne. Na lungu sharar bahago ce."

"Ta sauya hannu ne don ta ɓatar da mu!" in ji Malam.

Aka sa ta ta gwada da hagu. Abin da ta yi ko kaza ta fi shi tsari, har matan katanga suka yi dariya. Malam ya ce Abel ma ya share. Abel ya share da dama, yana cewa rabonsa da tsintsiya tun yana firamare. Malam ya juya yana duban fuskoki, jijiyar wuyansa a tashe.

"To wane ne? Wa ke da hanyar shiga lungun nan in ba 'yan gida ba? Kuma gidan nan babu bahago! Ni ne mai gidan, da akwai da na sani!"

A nan ne matan katanga suka daina dariya. Wata ta sa gyale ta rufe baki. Babu macen da ta taɓa yin daka ko tankaɗe da Hajiya Bashira da ba ta sani ba. Tun tana ƙarama aka yi ta bugun hannun har ta koyi ci da dama, da gaisuwa da dama, da miƙa abu da dama. Amma tsintsiya da wuƙa da taɓarya, ba wanda ya tsaya ya raba ta da su.

Hajiya ta aje farantin shinkafa. Ta taso ba gaggawa, ta karɓi tsintsiyar daga hannun Abel, ta sunkuya a gaban mijinta, ta sa hannun dama a baya, ta ja sau ɗaya. Ƙasar ta zubo a kan takalminsa.

"Bashira," in ji Malam. Muryar ta fito siririya.

"Ni ce. Da magariba na yi, ina jin yarinyar nan tana nishi ta taga kamar za ta mutu. Na ce yau dai ba ya nan, bari 'yar mutane ta yi barci. Ban san kifinka ta bango suke numfashi ba, da na rufe abin da tsumma. Allah ya sani sai yanzu na gane." Ta juya. "Tabita, ki yafe min, tun safe kike shan zagi a kan aikina. Mai da kayanki ɗaki."

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "To, alhamdu lillahi, abu ya zama na cikin gida. Malam, sai batun kaffara, shi ke nan."

"Zan yi," in ji Malam da sauri. "Zan ciyar. Ai ban san ke ba ce. Kuma ni ban taɓa sanin ke bahaguwa..."

"Na sani ba ka sani ba." Ta jingine tsintsiyar a inda take. "Ka san wanne kifi ne ba ya son haske. Ka san wadda ke cin abinci ta gefen baki. Ranar da Amarya ta ƙi cin abinci ba ka runtsa ba. Ni na haifa maka 'ya'ya, na aurar da su, kullum ina share gabanka kana ɗaga ƙafa, ba ka taɓa duban hannun da ke riƙe da tsintsiyar ba. Ɗazu ka ce ba za ka yi kaffara saboda mai kunu ba, ka gwammace mai ciki ta kwana a titi. To ni ma kada ka yi saboda ni."

"Hajiya, a yi haƙuri," in ji mai unguwa. "Rantsuwar fushi ce."

"Ai shi malami ne, ya san abin da ya faɗa. Ba zan sa shi ya yi ƙarya a gaban Allah ba."

Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da 'yar jaka. Tabita ta riƙe mata hannu tana kuka tana cewa, "Mama, don Allah," Hajiya ta zame a hankali ta ce gidan yayanta za ta, nan bayan kasuwa, in haihuwa ta zo a aiko mata ko da wane lokaci ne. Da ta zo daidai Yero ta tsaya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana nazarin ƙarshen sandarsa.

"Baffa, shinkafa ga ta can na tsince. Ka ce ya dafa muku, shi da ya san ɗumin ruwa."

Matan zaure suka dare suka ba ta hanya. Malam ya biyo ta taku biyu, kwalba a rungume, yana kiran sunanta, ya rasa inda zai aje kifin. Ta kama ƙofar ƙarfen da hannun hagu, ta fita, ta maido ta garam.